Saƙo Goma Sha Biyu a Zauren Alhaji Bala

Kafin in shiga labari, wajibi ne in bayyana inda na samo abin da zan faɗa. Madogarata uku ce. Ta farko littafin aljihuna mai baƙin bango, wanda tun ina jami'a nake rubuta abin da na yi a cikinsa, da sa'ar da na yi shi. Ta biyu rajistar kwamfuta, wadda ke adana kowane gyara da lokacinsa. Ta uku abin da ni da abokin aikina Hamadu muke tunawa, kuma ita ce mafi rauni, domin mun saɓa a wurare da dama. Duk abin ya faru cikin damina guda, daga bayan Babbar Salla zuwa watan Mauludi. Maganganun mutane na kawo su gwargwadon yadda na riƙe. Inda aka yi su da Faransanci na mayar da su Hausa, sai 'yan kalmomi da na bari. Akwai rabin sa'a guda, a yammacin wata Alhamis, da babu ɗaya cikin madogaran nan da ta cike mini. Saboda wannan rabin sa'ar nake rubutun nan.

Ngaundere

Daga Azare na fito, da takardar digiri a kimiyyar kwamfuta da alkawarin wani mutum mai suna Tanimu, wanda ban taɓa gani ido da ido ba. A intanet muka haɗu. Ya ce kamfaninsu na Duwala na neman mai gwada manhaja, ya aiko mini da aikin gwaji. Na kwashe mako uku a kansa, na aika masa. Ya ce manyansa sun yaba, in taso.

Ban fara jin na bar gida ba sai a tashar jirgin ƙasa ta Ngaundere. Har Garwa Hausata na saya mini abinci, tana nuna mini masallaci. A Ngaundere kuwa aka yi sanarwa da Faransanci, kowa ya miƙe da kayansa, ni kaɗai ina zaune ina duban bakin mutane. Wata dattijuwa Bafulatana mai buhun gyaɗa ta taɓa kafaɗata da sandarta, ta nuna mini taragon da ke kan tikitina. A cikin jirgi ta raba dafaffen rogonta biyu ta miƙo mini rabi. Ba mu yi magana ba, don ba mu da harshen da za mu yi ta. Na rubuta a littafina: "Rogo, daga wata uwa. Ban san sunanta ba."

Daga Yawunde na shiga bas. Tun a hanya na kira Tanimu sau tara, lambar ba ta shiga. Na yi ta ba kaina uzuri a madadinsa: daji ne, babu sabis, yana taro, wayarsa ta faɗa ruwa. Da na isa Duwala, mai babur ya kai ni adireshin da ke hannuna. Shagon tayoyi ne. Mai shagon ya karanta takardar, ya dube ni daga hula zuwa takalmi, ya ce, "Ashiya." Daga baya na koyi cewa da wannan kalma ake yi wa mutum jaje a garin. Daga baya kuma na fahimci cewa aikin gwajin da na yi shi ne abin da Tanimu yake bukata, ba ni ba. Ina zaton ya miƙa shi wani wuri da sunansa, amma wannan zato ne, ba ni da hujja.

Mai babur bai tafi ba. Ya dubi hulata ya ce, "Hausa? New Bell." Na hau.

New Bell

Ruwan Duwala ba irin namu ba ne. Namu yakan yi gangami, ya zuba, ya ɗauke, ƙasa ta yi ƙamshi. Nasu ba ya sallama kuma ba ya bankwana. Na shiga unguwar Hausawa ruwan kwata na kai mini idon sawu, na bi kiran salla har masallaci. Bayan an idar, ladan ya saurari labarina bai katse ni ba, sannan ya ce duk baƙon da ya zo daga Najeriya zauren Alhaji Bala ake kai shi.

Alhaji Bala dattijo ne mai harkar albasa da wake, motocinsa na sauko da kaya daga arewa. Kakansa ne ya zo daga Kano, shi kuwa a New Bell aka haife shi. Kullum bayan la'asar yakan zauna a zaure da dattawan unguwa. Idonsa ya yi rauni, saboda haka abokinsa Malam Isa, tsohon akawun tashar jiragen ruwa, shi ke karanta masa duk abin da ya zo a rubuce, takarda ko saƙon waya, da babbar murya, a gaban kowa. A ranar ya karanta takardar digirina tun daga tambarin sama har sa hannun magatakarda, bai tsallake ko lambar rajista ba. Na ji daɗin haka ƙwarai. Na ce a raina, ga mutum mai tsare amanar rubutu.

"To, ɗana," in ji Alhaji, "wanda ya cuce ka, ka bar shi da Allah. Akwai ɗaki a baya. Gobe ka bi yarona Usmanu biro, in kana da amfani za su gani."

Ɗakin na da rufi mai kyau, amma danshi ya fi ƙarfin rufi. Cikin mako guda takalmina na fata ya yi funfuna. Rigar da na wanke ran Asabar ba ta bushe ba har Talata. Na kasa zama wuri ɗaya. Da asuba sai in fita in zaga layukan unguwar har in ɓace, in tambaya, in dawo. Ina jin Hausa ko'ina, amma rabinta ya tafi da Faransanci, sai in tsaya kamar wanda ya shiga gidansu ya tarar an sauya ƙofofi. Abin da na fi kewa, abin mamaki, ba tuwon mahaifiyata ba ne. Busasshiyar tabarma ce.

Kassalafam

Biro ɗin, wato ofis a bakin mutanen garin, ɗaki biyu ne a saman wani shagon ɗinki a unguwar Kassalafam. Usmanu, ɗan Alhaji, shi ne shugaba. Ya yi karatunsa da Faransanci, kuma yakan fara magana da Hausa ya ƙarasa da shi. Sai Hamadu, Bafulatanin Garwa, wanda bai iya gaisuwa ba tare da tsokana ba. Sai Habiba, wadda ta girme mu duka a aiki, ita ta gina yawancin manhajar. Mahaifinta direban Alhaji ne har ya rasu. Manhajar tasu tana nuna wa 'yan kasuwa inda motar da ke ɗauke da kayansu take, don su san lokacin da za su tara 'yan dako.

Usmanu ba ya son ɗaukata, domin ba na jin Faransanci. Habiba ce ta juyo da kwamfutarta gabana ta ce in nemo kuskure a wani shafi. Na samo uku.

"Biyu na sa da gangan," ta ce wa Usmanu. "Na ukun ban san da shi ba. Patron, ka riƙe shi. Faransancin ni zan koya masa."

Ta cika alkawari. Kullum da rana takan kawo kwano biyu daga gida, ta tura mini ɗaya tana cewa, "Petit frère, ƙanena, ci, kada a ce Duwala ta ramar da kai," sannan ta sa ni faɗin sunan kowane abu da ke cikin kwanon. Ni kuma Yaya Habiba nake ce mata.

Aikin da aka ba ni shi ne kafa mai gadi. Manhajar da ke wayar ɗan kasuwa ba ta san komai da kanta ba. Tambaya take aikawa ga babbar kwamfutar kamfanin, wato saba, ta wasu ƙofofi da ake kira API, amsa ta dawo. Idan ƙofa ta lalace, sai wani ya kira yana faɗa kafin a sani. Akwai wata manhaja da ake kafawa don ta riƙa ƙwanƙwasa ƙofofin nan ita kaɗai. Ba ta da hoto, ba ta da maɓallin dannawa. Baƙin allo ne kawai, ka rubuta umarni layi guda, ta amsa maka da rubutu.

Na ba ta makonni biyar. Na rubuta gwaji ga kowace ƙofa: me za a tambaya, wace amsa ake jira. Na rubuta fayil ɗin saiti, inda ake gaya mata adireshin saba, da mabuɗin sirri, da daƙiƙa nawa za ta jira kafin ta ce ƙofa ba ta amsa ba. Intanet ɗin Kassalafam yakan yi numfashi, saboda haka na sa ta sake gwadawa sau uku kafin ta yanke hukunci. Muna da saba biyu, ta gaske da ta gwaji, kuma ta gwajin cike take da motocin ƙarya da muka ƙirƙira. Na rubuta gwaji na musamman da zai yi ƙara idan motar ƙarya ta bayyana a wurin na gaske. Na tsara ta tashi duk bayan minti goma sha biyar. Kowane layi na duba shi sau uku, na tashi na zaga ɗakin, na dawo na sake dubawa.

"Malam Ƙa'ida," in ji Hamadu, "kujerar nan ƙaya gare ta? Kaɗo, zauna, kana sa ni jiri."

"Akwai waƙafi da ban tabbatar da shi ba."

"Waƙafi! Mu a Garwa saniya ke ɓata mu yi barci."

Saura sanarwa. Idan gwaji ya faɗi, manhajar za ta aika saƙo zuwa zauren hira na ma'aikata da ke wayoyinmu. A nan Usmanu ya ce abu biyu. Na farko, a sa Alhaji cikin zauren hirar, domin ba a taro a ƙarƙashin inuwar mutum a bar shi waje. Na biyu, tunda Baba na ciki, a rubuta saƙon da Hausa. Na yi murna da wannan fiye da yadda ya kamata. Wata biyu ina bebe a garin mutane, yau ga aikin da Hausata ce ake bukata. Na kwashe yini guda ina sassaƙa jimla uku:

"Gargaɗi. Ƙofar da ke nuna wurin motoci ta lalace. Wanda ya yi gyara na ƙarshe: wane. A duba da gaggawa."

A gurbin "wane" manhajar za ta ɗauko suna daga rajistar gyare-gyare. Haka ake yi a wurare da yawa, don mai gyaran ya san nasa ne ya koma kansa.

Dole in faɗi wani abu a nan, domin yana cikin littafina da rubutun hannuna. Rajista ba ta san hannu ba, kwamfuta ta sani. Sunan da aka saita a kan kwamfuta shi take rubutawa, ko wa ya zauna gabanta. A biro ɗinmu kuwa, duk ranar da aka ɗauke wuta, kwamfutar Usmanu da ta Hamadu da wadda aka ara mini sukan mutu cikin minti ashirin. Ta Habiba ce kaɗai mai batir. Sai ta tura ta tsakiyar tebur, mu riƙa karɓa bi da bi kamar ƙwaryar fura. Ba wanda ya taɓa tunanin sauya suna. A ce wa mai kwamfuta "bari in cire sunanki" ma abin kunya ne. Na lura da haɗarin. Na rubuta: "Sunan rajista ba shaida ba ne. A gyara." Na ja layi biyu a ƙarƙashi. Sannan na wuce zuwa daidaita tsarin saƙon, na bar shi sai mako mai zuwa.

Alhamis da Juma'a

Ranar Alhamis aka ɗauke wuta tun azahar. Mu uku muka yi aiki a kwamfutar Habiba. Usmanu ya fita. Akwai wani layi guda a cikin manhajar, mai ɗauke da adireshin inda ake ɗebo wurin motoci. Duk mai son gwada aikinsa yakan juya layin zuwa sabar gwaji, in ya gama ya mayar. Dukanmu uku muna yin haka, sau da yawa a yini.

Littafina ya ce: "3:40, na karɓi kwamfuta. Na juya adireshi zuwa gwaji." Layi na gaba ya ce: "4:10, la'asar." Babu "na mayar" a tsakani, alhali kullum nakan rubuta. Batir ya kusa ƙarewa, ana ta hanzari. Hamadu ya ce ya karɓa daga hannuna kafin kiran salla, shi ma ya juya layin, kuma yana jin ya mayar. Habiba ta ce ta taɓa ta sau ɗaya a tsakani. Rajista ta nuna an aika gyara da ƙarfe 3:52, da layin a juye. Bayanin da ke kan gyaran ba ya nuna kowa, domin umarnin Habiba ne na safe aka sake kira da maɓallin kibiya, abin da kowannenmu kan yi idan allo ya fara dushewa.

Al'adar Usmanu ce ya ɗora gyare-gyaren mako a kan sabar gaske ranar Juma'a kafin ya tafi masallaci. Ya ɗora, ya rufe biro. Habiba ta tafi unguwar Ndogpassi wurin mahaifiyarta, kamar kowace Juma'a, kuma takan kashe waya a can. Usmanu ya wuce ɗaurin aure, Hamadu ya ce bai duba tasa ba. Tawa babu caji tun safe.

Manhajata ta yi aikinta daidai. Da ƙarfe ɗaya da kwata ta ga motar ƙarya, ta aika saƙo. Ban saita ta ta yi shiru bayan na farko ba. Ta sake aikawa da ɗaya da rabi, da biyu saura kwata, haka har ƙarfe huɗu. Saƙo goma sha biyu.

Ɓarnar kanta kaɗan ce. 'Yan kasuwa biyu sun ga motarsu ta iso, suka tara 'yan dako a kasuwa, alhali motar tana can bayan Yawunde. Suka zo zauren Alhaji da ƙorafi bayan la'asar, dattawa na zaune. Alhaji ya miƙa wa Malam Isa waya ya ce a duba ko yara sun ce wani abu. Ina shigowa daga masallaci na ji muryarsa tun daga ƙofa:

"Gargaɗi. Ƙofar da ke nuna wurin motoci ta lalace. Wanda ya yi gyara na ƙarshe: Habiba Ɗanladi. A duba da gaggawa."

Ya gyara tabarau, ya karanta na biyu. Da na uku. Malam Isa ba ya tsallake layi. Na tsaya a bakin zaure da takalmi a hannu, ina jin jimlolin da na sassaƙa suna fita ɗaya bayan ɗaya da sunanta a ciki, a gaban abokan mahaifinta. Da ya kai na goma sha biyu, wani dattijo ya ce, "Sau goma sha biyu! Ita kuwa na'ura ba ta da ƙiyayya da kowa." Wani ya ce dama shi ya faɗa tun farko, ba a ba 'ya mace mabuɗin dukiya.

Na ruga Kassalafam a babur, na kira Usmanu da wayar mai ɗinki. Gyaran bai ɗauki minti biyar ba.

Zaure

Ranar Asabar Alhaji ya sa Usmanu ya karɓe mabuɗan saba daga hannun Habiba. Ba a kore ta ba. An ce ta ci gaba da aiki, amma duk abin da ta rubuta sai Usmanu ya duba. Ta miƙa. Da na fara yi wa Usmanu bayanin batir, ta ɗaga hannu.

"Kwamfutata ce, sunana ne. Ça suffit, ya isa."

Usmanu ya san yadda muke karɓa-karɓa, amma ya ce ba zai iya musa wa mahaifinsa a gaban mutane ba. "On va faire comment?" ya ce, wato ya za a yi, ya shige ɗakinsa.

Hamadu ya ja ni matakala. Ban taɓa ganinsa ba ya dariya ba sai ranar.

"Ka je zaure yau ka ce kai ne."

"Ban san ni ne ba."

"Wa ya tambaye ka abin da ka sani? Ni gargaɗi biyu ke kaina, na uku kora ce, ga 'ya'ya uku. Kai baƙo ne. Baƙo ko da takalmi ya hau tabarma cewa ake bai san gari ba. Za su yi maka faɗa, su yi dariya, shi ke nan, sunanta ya wanku."

"In kuma kai ne fa? Ko ita?"

"Malam Ƙa'ida, don girman Allah. Kwano nawa ka ci na matar nan?"

Na yi ta zagaya New Bell har la'asar, ina buɗe littafina ina rufewa, kamar layin da babu zai tsiro. Sannan na shiga zaure, na durƙusa, na nemi izinin magana. Na yi bayani a tsare: yadda wuta ke ɗaukewa, yadda muke karɓar kwamfuta ɗaya, yadda rajista ke rubuta sunan mai kwamfuta. Na ce kuskure ɗaya aka maimaita sau goma sha biyu, kuma maimaitawar laifina ce. Na ce na san haɗarin sunan tun da wuri ban gyara ba. Har littafina na miƙa wa Malam Isa ya karanta layin mai ja biyu.

Alhaji ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Na ji, ɗana. To wa ya ɓata abin? Kai ne?"

Na ji Hamadu, wanda ya biyo ni zauren, ya motsa a bayana.

"Baba, mai yiwuwa ni ne. Ban tabbata ba."

"Hamadu ne?"

"Mai yiwuwa. Ban tabbata ba."

"To ita fa? Za ka iya rantsuwa ba ita ba ce?"

Kalma biyu ake nema a bakina, kuma na san su.

"Ba zan iya rantsuwa ba, Baba."

Alhaji ya jinjina kai. "Yaron kirki ne," ya ce wa dattawa. "Yana son ya rufa wa 'yar'uwarsa asiri, amma tsoron Allah ya hana shi ƙarya." Suka yi ta sa mini albarka. Na fita da albarkarsu, ita kuma ta tabbata mai laifi fiye da yadda take kafin in buɗe baki.

Hamadu bai yi mini magana ba kwana tara.

Ndogpassi

Habiba ta yi mako biyu tana kai wa Usmanu aikinta yana dubawa, shi da ita ta koya wa rabin abin da ya sani. Kwano biyu ta ci gaba da kawowa. A mako na uku ta ajiye aiki.

Na gyara manhajar. Yanzu tana gwaji kafin a ɗora gyara, ba bayan an ɗora ba. Saƙo ɗaya take aikawa, ba ta ƙarawa sai abin ya sauya. Ba ta kiran sunan kowa. Lambar gyaran kawai take bayarwa. Abin da ke zuwa wayar Alhaji layi ɗaya ne a mako. Kowa ya sami sunansa a kan wata sabuwar kwamfuta mai batir da Usmanu ya saya. Duka wannan aikin yini ɗaya ne da rabi. Na auna.

Wata Lahadi na hau babur zuwa Ndogpassi. Tafiya ce mai nisa, cikin taɓo da cunkoso, sau biyu muna sauka mu tura. Na same ta a barandar mahaifiyarta tana tsara wa wata makaranta rajistar ɗalibai, a kan kwamfutar nan mai batir. Ta yi mini maraba, ta sa na gaida tsohuwa da Faransanci don ta ji ko na ci gaba, ta gyara mini kalma biyu.

Na ce, "Yaya Habiba, na zo neman gafara."

"Ta wanne? Saƙon, ko zauren?"

"Duka."

"Saƙon kuskuren aiki ne, kowa na yi. Na yafe tun ranar." Ta rufe kwamfutar. "Zauren kuwa, ban aike ka ba. Da ka yi shiru, da cewa za a yi na'ura ce ta faɗa. Yanzu cewa ake har yaron nan mai gaskiya ya kasa wanke ta. Ranar Juma'a ƙanin babana ya zo nan yana ba mahaifiyata haƙuri a kaina."

"Ban iya faɗin abin da ban sani ba."

"Na sani, petit frère. Don haka na ce a ɗauke ka." Ta yi ɗan murmushi. "Ni kuwa da aka tambaye ni, ban tsaya bincike ba na ce sunana ne. Kowa da irin tasa."

Na tambaye ta ko akwai wani abu a cikin kwamfutar da zai nuna wanda ke zaune da 3:52. Ta ce ta duba tun daren farko, babu. In ma akwai, ba za ta nema mini ba. Ta zuba mini abinci a leda, ta raka ni bakin hanya, ta yi ciniki da mai babur da kanta don kada a cuce ni.

Har yanzu ina ɗakin bayan gidan Alhaji, ina aiki a Kassalafam. Hamadu ya dawo da tsokanarsa, sai dai ya daina ce mini Malam Ƙa'ida; sunana yake kira. Nakan tuna Tanimu, wanda ya ɗauki aikina ya sa sunansa, in tuna cewa ni na ɗauki kuskuren da ban san mai shi ba na sa sunan wata. Na karanta shafin Alhamis ɗin nan har takardar ta yi laushi. Ina ganin yatsuna suna mayar da layin, amma na mayar da shi sau ɗari a wasu ranaku, kuma ban san ko wace rana nake gani ba. Idan ni ne, to abin da na ƙi faɗa a zaure don gudun ƙarya shi ne gaskiyar.

Tsakanin 3:40 da 4:10 na ranar Alhamis, wa ya juya layin nan bai mayar ba? Ban sani ba.